Laimata a Zariya: daga tabarma zuwa ƙafa 13,000

Wanda ya koyi dirowa daga jirgin sama da laima alhali gidansu na Zariya, akwai matsalar da ke jiransa wadda malamansa ba su cika tunawa da ita ba. Su filin tsalle na kusa da su, duk ƙarshen mako suna sama. Ni kuwa sai harkar yadi ta kai ni Dubai nake samun hawa jirgi, a filin da ke cikin hamada kan hanyar Al Ain. A can na yi kwas har na karɓi lasisin farko, wanda ƙungiyar masu tsalle ta Amurka, USPA, ba ta bayarwa sai mutum ya cika tsalle 25. Daga nan sai in dawo shago a Sabon Gari in yi watanni. Dokar ƙungiyar ma ta san haɗarin wannan hutu: mai lasisi irin nawa idan ya yi kwana 60 bai yi tsalle ba, sai ya sake bi ta hannun malami. Hannu na mantuwa, kaya kuma na lalacewa ko da ba a taɓa su ba.

Jakar laimata ta hannu na saya, bayan wani ƙwararren mai naɗi a can ya kwance ta ya duba komai ya sa hannu. Laima biyu ce a ciki: babba, wadda ake buɗewa kullum, tana ƙasa, ta ko-ta-kwana tana sama, tsakanin kafaɗu. Duk biyun ba irin zagayayyar nan ta sojoji ba ce. Masu kusurwa huɗu ne, yadi sama yadi ƙasa, an raba tsakaninsu ɗaki-ɗaki, bakin kowane ɗaki a buɗe ta gaba. Iska na shiga ta cika ɗakunan, sai yadin ya sandare ya zama fiffike. Domina Jalbert ne ya ƙirƙiro wannan tsari a shekarun 1960. Babbar tawa ɗaki 9 gare ta, faɗinta murabba'in ƙafa 210. Na uku a jakar 'yar na'ura ce, CYPRES, ƙirar Jamus, wadda ta fito a 1991. Idan mutum ya iso kimanin mita 225 daga ƙasa yana faɗowa da gudun mita 35 a daƙiƙa ko fiye, ta gane laima ba ta buɗe ba ke nan, sai ta datse igiyar da ta riƙe murfin ko-ta-kwana.

Inna ba ta yi murna da jakar ba. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Kai yanzu duk abin sha'awar duniya ka rasa, sai faɗowa daga sama? Allah bai ce mutum ya jefa kansa cikin halaka ba." Na zauna na yi mata bayani gwargwadon iyawata. Ba ta gamsu ba, amma ta kafa sharaɗi: tunda na nace, in kai kayan wurin Baba Saje, maƙwabcin Kawu a Tudun Wada, ya gani da idonsa.

Baba Saje tsohon soja ne, ya daɗe yana naɗe wa sojojin laima kayansu a Jaji kafin ya yi ritaya. Zagayayyar laima ya sani, wadda igiyar da aka maƙala a jikin jirgi ke zaro ta da zarar soja ya fita ƙofa. Irin tawa bai taɓa naɗewa ba, kuma ya faɗa mini haka tun kafin in gama gaisuwa. Amma nailan ya san shi, ɗinki ya san shi. Bai taɓa jakar ba sai da ya ce, "Ɗana, cire agogon nan da zoben. Mu ga farcenka." Sannan ya ce ba a tsakar gida za mu buɗe ba, ga rana, ga kaji, ga hayaƙin girki. Muka nemi aron barandar wata Islamiyya ranar Alhamis da babu ɗalibai, muka share, muka jera tabarmi.

Fil ɗin ko-ta-kwana, ɗan ƙarfen da ke riƙe murfinta a rufe, ya fara dubawa. A jikinsa akwai siririn jan zare da ɗan hatimin dalma, alamar mai naɗin da ya rufe ta. Ya zaro katin da ke aljihun jakar, ya sa tabarau ya karanta kwanan wata. "Wannan ba tamu ba ce," in ji shi. "Daga ni har kai babu mai fasa hatimin nan." Haka dokar take. Babbar laima mai tsalle na iya naɗe abarsa, ta ko-ta-kwana kuwa sai mai lasisin naɗi, kuma a dokar Amurka ba a tsalle da ita idan ta haura kwana 180 ba a kwance ta an duba an sake naɗewa ba, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Da katin nan nake tsara tafiyata yanzu: ina sauka Dubai nake miƙa jakar ga mai naɗi, kafin ma in shiga kasuwa.

Babbar muka zaro muka warware. Ya ce a bi ta daga sama zuwa ƙasa, kada a tsallake, kada a yi hira. Mun fara da 'yar laimar da ake jefawa cikin iska ta zaro babbar, da dogon bel ɗin da ya haɗa su, sannan yadin sama ɗaki bayan ɗaki. Da muka zo kan ciki sai ya ɗaga bakin ɗaki ɗaya ya ce in shiga. Na cusa kaina da kafaɗuna, shi da ƙanena suka ɗaga yadin ta wajen haske, komai ya koma ruwan goro. A nan ne ido ke ganin abin da ba ya gani daga waje: layukan gida-gida na saƙar yadin, waɗanda aka yi don yaga ta tsaya kada ta zarce, ramukan allura a bakin ɗinki, ko sun fara buɗewa, wurin da igiya ta goge yadi da zafi lokacin buɗewa ta bar ɗan tabo mai sheƙi. Can ƙuryar wutsiya, inda yadin sama da na ƙasa suka haɗu, na sa yatsa na ji rairayi, ragowar hamadar da na sauka a ciki. Na ɗebo na nuna masa a tafin hannu. Ya murza tsakanin yatsunsa ya ce, "Wannan shi ke cin zare a ɓoye." Muka ɗaga wutsiyar sama, baki ƙasa, muka karkaɗe ɗaki-ɗaki har ya daina zuba.

Igiyoyi su ne masu saurin tsufa. Nawa na wani zare ne da ake kira Spectra, sirara, masu ƙarfi, amma ba sa son zafi. Akwai wani ƙyalle mai kusurwa huɗu da zoben ƙarfe a kowace kusurwa, silaida, wanda igiyoyin suka ratsa ta cikinsa. Ita ke hana laima buɗewa lokaci guda ta fizge mutum, tana gangarowa a hankali. Gugar zobbanta ke ɗumama igiyoyin gefe da na linzami, wato igiyoyin da ake tuƙa laima da ja mata birki, sannu a hankali su tsuke su gajarce, laimar ta fita daga saiti. Don haka nake aunawa da tef in kwatanta da awon da kamfani ya fitar. Baba Saje ya ƙara mini nasa: in zagaya cikin kowane zobe da ɗan yatsa, ido a rufe. Duk inda fata ta ji kaifi ko lotsawa, igiya ma za ta ji, kuma ita a guje take ji.

Sai zobba uku na kafaɗa, waɗanda ke haɗa babbar laima da ɗamarar jiki, ƙirƙirar Bill Booth a shekarun 1970. Babba, matsakaici, ƙarami, kowanne ya ratsa cikin na gabansa yana rage nauyin da na bayansa zai ɗauka, har ya zamana wata waya mai ruwan ɗorawa ce kawai ta tokare duka. Shi ya sa ƙarfin hannu ya isa a zare ta a rabu da laimar da ta ƙi buɗewa daidai. Duk wata nake kwance su, in murza bel ɗin kada ya sandare a lanƙwashe, in goge wayoyin da tsumma mai ɗan silikon. Da hunturu tsumman kan fito da ƙura ko da jakar ba ta bar ɗaki ba.

A wajen ajiya ne Zariya ke nuna halinta. Hasken rana kaɗai ya isa ya raunana nailan, don haka ba a shanya laima a igiyar tsakar gida. Idan ta jiƙe, inuwa da iska. Ba a wanke ta da omo, domin wanki na ɓata riƙon iskar yadin. A Maris da Afrilu ɗakin kwano kan yi zafin da robobin ɗaure igiya ke yin laushi su manne, but ɗin mota kuwa ya fi haka. A Agusta danshi ke kawo fumfuna. Ga ɓera, ga gara, ga kyankyaso. Amma abin da ya fi tsorata Baba Saje shi ne ruwan batir. Ya tambaye ni inda batirin solar gidanmu yake, na ce, "Baba, a ɗakina ne." Ya ce to ko jakar ta fita ko batirin. Asid na cin nailan ba tare da ya bar alamar kirki ba, sai ranar da aka ɗora masa nauyi. A ƙarshe soron kakata a cikin Birni ne ya karɓi ajiyar, ginin ƙasa mai kauri, ko da rana tsaka da sanyi-sanyi. Na sa ta cikin jakar yadi mai zif, na ɗora kan kanta nesa da bango, babbar laimar a sassauce, ba roba ko ɗaya a jikinta.

Don kada in tsufar da wadda nake tsalle da ita, na taho da wata tsohuwa da aka yi wa ritaya, yadinta ya saki har iska na ratsa shi. Da ita nake duk atisaye. Gidanmu gidan ɗinkin hannu ne, na tashi ina ganin Kawu na zuba aska takwas a gaban babbar riga, don haka da na ga huda a jikin tsohuwar na yi mata faci yadda masu naɗi ke yi: yadi irin nata, zaren nailan, ɗinki 7 zuwa 11 a inci ɗaya, an lanƙwasa baki ciki. Kawu ma ya yaba. Ta tsallen kuwa ba na sa mata allura, aikin mai lasisi ne. Akwai yadi da zare a kasuwarmu da suka yi kama da nata ƙwarai, sai dai kama da wane ba ta wane.

Naɗi sai da yawan yi. Ina kwantar da jakar rub da ciki, in ɗora mata nauyi, in ɗaure birkin linzami biyu, in buɗe silaida, in ɗana 'yar laimar jefawa har launi ya bayyana a tagar bel ɗinta. Sai in raba igiyoyi kashi huɗu tsakanin yatsuna in taka zuwa yadin. In akwai sarƙewa a nan za ta nuna. In ɗora laimar a kafaɗa, in ƙirga bakuna tara in matse su tsakanin gwiwoyi, in sa hannu ciki ina ware yadi gefe, igiyoyi tsakiya, rukuni bayan rukuni. Silaida ta hau can sama ta zauna daram. In jawo wutsiya in lulluɓe duka, in kwantar a hankali, in hau da gwiwa da ƙirji ina fitar da iska. Wurin cusawa cikin 'yar jakarta ne ake gumi. Yadin da bai tsufa ba santsi gare shi, kamar ka kama tarwaɗa da jiƙaƙƙen hannu, ka danne nan ta kumbura can. Daga nan igiyoyi, lanƙwasa bayan lanƙwasa cikin robobi, a bar kamar rabin mita. A rufe marufai huɗu bisa jerin da kamfani ya ce, a zura fil a 'yar igiyar rufi. 'Yar igiyar nan kuɗinta ba komai, amma idan ta tsinke a bakin ƙofar jirgi laima ta fito ba shiri, har jirgin na cikin haɗari. Tana fara gashi nake canja ta.

Baba Saje ba ya sa baki a kan lanƙwasa, tunda ba irin tasa ba ce. Abu biyu ya kafe a kai. Idan aka yi sallama ina tsakiyar naɗi na tashi, to in dawo daga farko. Kuma duk abin da na yi aiki da shi in ƙirga kafin in fara, in ƙirga bayan na gama. "Abin da ya ɓace a tabarma, ɗana, yana cikin laima."

A bayan gidansa akwai darbejiya. A reshenta muka rataya tsohuwar ɗamara da mariƙai na gwaji. In shiga in yi lilo, ƙanena ya ɗaga waya saman kaina da hoton laima: wani lokacin lafiyayya, wani lokacin igiyoyi sun murɗe, wani lokacin igiya ta haye kan yadi ta raba shi biyu. Tambaya uku nake amsawa da ƙarfi: ta buɗe sosai? Silaida ta sauko? Tana jin linzami? Murɗewa ana ware ta da shure-shure in akwai tsawo. Abin da ba ya gyaruwa kuwa, a zare mariƙin dama a yar da babba, a zare na hagu ko-ta-kwana ta fita. Dama kafin hagu, don kada biyun su sarƙe. Mai lasisin farko ya gama yanke shawara kafin ƙafa 2,500, ƙasa da ƙafa 1,000 kuma ba a yar da laima. Baba Saje kan juya ni da ƙarfi yana ƙirga daƙiƙa a kunnena.

Abin da mutanen gari ba sa yarda idan na faɗa shi ne, a wannan wasa da yawa daga cikin munanan raunuka da mace-mace a ƙarƙashin laimar da ta buɗe lafiya ƙalau suke faruwa. Juyi kusa da ƙasa na gaba-gaba wajen kawo su. Idan ka ja linzami ɗaya sosai laima na sunkuyar da kai ta nufi ƙasa, jikinka ya yi lilo ya fita gefe, kuma sai da tsawo take komawa saman kanka. Wanda ya hango waya ko bishiya a gabansa a ƙafa 50 ya fizgi linzami, shi da laimarsa tare za su bugi ƙasa. Shi ya sa a jerin da aka koya mana fuskantar iska ba ita ce farko ba. Farko fiffike a miƙe saman kai, sannan fili marar cikas, sannan a ja birki ko da rabi ne, a shirya wa faɗuwa.

Ba a koyon wannan duka a ƙasa, amma ana koyon jin iska. Da safiyar hunturu, iskar arewa maso gabas na kaɗawa a daidaice, muna zuwa wani filin ƙwallo ta wajen Kufena da tsohuwar laimar. Gona ba ta yi, kututturen kara na yaga yadi. In sa hular kwano, in ɗaga laimar ta cika ta tsaya saman kaina, ina gyara ta da linzami, ƙanena na riƙe da ni ta baya. A tsakiyar fili tana zaune lafiya. Ina matsawa bayan jerin mangwarori sai ta fara karkarwa, gefe ɗaya ya lotse, ta cika, ta sake lotsewa. A aji an gaya mana iska na hargitsewa a bayan gini ko bishiya har nisan da ya ninka tsawonsu sau 10 zuwa 20. A filin nan hannuna ya ji shi. Iska ta yi ƙarfi, muna naɗewa. Bazara ta shigo guguwa ta fara tashi da leda, mun daina ke nan, domin guguwa na iya ninke laima a sama ko ta ja mutum a ƙasa.

Tsarin sauka ma da ƙafa nake taka shi a filin: nan ƙafa 1,000 ina bin iska, kwana a 600, kwanar ƙarshe a 300 in fuskanci iska, daga nan ba sauran babban juyi. Faɗuwa kuwa fannin Baba Saje ce. Daga kan benci yake sa ni dirowa, ƙafafu da gwiwoyi a haɗe, in taɓa da tafin ƙafa in mirgina ta sha-raɓa, cinya, kwatangwalo, gefen baya. "Kada ka miƙa hannu ka tare ƙasa. Ƙasa ta fi hannunka ƙarfi."

Da na koma Dubai, mai naɗi ya kwance ko-ta-kwana ya sake rufewa, ya duba babbar, malami ya bi da ni ta kan matakan gaggawa, sannan muka hau. Kafin shiga jirgi a duba zobba uku, maɗauri uku, mariƙai uku, CYPRES a kunne tun a filin da za a sauka, don daga nan take fara awo. Daga ƙafa 13,000 faɗuwar ba ta wuce minti ɗaya, a gudun kusan kilomita 200 a awa. Na nemi izini na buɗe da wuri don in sami tsawon gwaji. Can sama na yi ta jan birki, rubu'i, rabi, duka, ina jin inda laima ke ɗago hanci ta rage gangara, da inda take rasa iska ta fara zamewa baya idan na daɗe da hannu a ƙasa, sai in saki a hankali. Na yi juyi a rabin birki, linzami ɗaya ya ɗan ɗaga, ɗayan ya ɗan sauka, laima ta canja alƙibla ba tare da ta yi nutso ba. Wannan juyin shi ne maganin waya da bishiyar nan.

Birkin ƙarshe babu agogon da ke faɗa maka lokacinsa. Wajen ƙafa 10 zuwa 15 ne, amma ya danganta da laima, da iska, da zafin rana, tunda iska mai zafi ba ta da kauri, sauka kan yi sauri. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in dai gaba yake kallo, ba tsakanin ƙafafu ba. Na ja zuwa ƙirji, laimar ta miƙe da ƙasa, na ƙarasa ja har cinya hannu biyu daidai, na taka na ɗan yi gudu na tsaya.

Da yamma wani abokin tsalle ya yi mini tayin laima mai murabba'in ƙafa 170, ya ce ta fi daɗin tuƙi, kuma gaskiya ya faɗa. Lissafin kuwa a fili yake. Ni da kayana kilo 86 ne, laba 190 ke nan. A kan 210 kowace murabba'in ƙafa na ɗauke da laba 0.9, a kan 170 ya haura 1.1: gudu ya ƙaru, juyi ya ƙara nutso, lokacin gyara ya ragu. Na gode masa na ce ba yanzu ba. Kuɗin da zan ƙara a kan musayar na kai wa mai naɗi, don awon da na yi a barandar Islamiyya ya nuna igiyoyin linzami sun fara tsukewa ko da yake ba su fita iyaka ba, na bar masa laimar ya canja su kafin in gama sayayya.